Gurbin da Aka So Sace wa Autata

Autata ta zo duniya a daminar shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki. Ni abin da na riƙe na wannan shekara shi ne gero ya yi kyau, kuma na haifi yarinyar da ba ta yi kuka ba sai da ungozoma ta watsa mata ruwan sanyi. Jikinta laushi kamar tsohon zane, idanunta ƙanana, harshenta ba ya son zama cikin baki. Nono ma ba ta iya ja ba, sai in tatsa a ludayi in riƙa ɗiga mata.

Ni 'yar Kangire ce, aure ya kai ni wani ƙauye a gefen hanyar Gwaram. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, mutanensa sun san kansu. A nan sa'anninta suka zauna, suka yi rarrafe, suka miƙe suna bin kaji, ita tana kwance a tabarma tana yi wa kowa murmushi. Sai magana ta fara yawo a bakin rijiya, wai 'yar ruwa na haifa.

Wanda ya ɗauki maganar daga bakin rijiya ya shigo da ita cikin gida shi ne wan mijina. Ya kira ƙanensa zaure, ni ina jikin rumbu ina jin komai. Ya ce wannan ba mutum ba ce, aljanar ruwa ce ta shigo a siffar jaririya, kuma ta jinina ta shigo, don su a gidansu ba a taɓa haifar irinta ba. Ya ce ya riga ya yi magana da mai magani. Za a kai ta bakin kogi, a shimfiɗa mata tabarma, a ajiye mata ƙwai da fura, ni uwar in juya in tafi kada in waiwaya. Wai da na ɓace za ta rikiɗe maciji ta koma inda ta fito.

Mijina mutum ne mai sanyi, Allah ya jiƙansa, ko akuya ba ya iya tsawata wa. Ni na ɗauki taɓarya na tsaya a ƙofar ɗakina.

Na ce, "Yaya, duk wanda zai zo ɗaukarta ya taho da wanda zai ɗauke shi."

Ya dubi ƙanensa ya ce, "Ka ji matarka ko? A gabanka take gaya mini wannan."

Na ce, "A gabansa na faɗa, kuma zan faɗa a gaban liman."

Na kuwa je. Liman ya kira su ya ce wannan kisan rai ne, babu wani suna da za a sa masa. Maganar kogi ta mutu a nan, amma ni ba ta mutu a raina ba. Bayan 'yan shekaru mijina ya rasu, na zauna a gidansa ina riƙon 'ya'yana da sana'ar daddawa. Shi kuma wan nasa aka naɗa shi mai unguwa, ya ƙara faɗin rawani, danga ɗaya ce tsakanin gidansa da nawa.

Auta ta yi tafiya a makare, ta yi magana a makare, kalmominta kaɗan. Ta zama budurwa amma ba ta iya ɗaura zane, ba ta iya wanka ita kaɗai, in na sa ta ɗebo ruwa sai ta tsaya a hanya tana kallon tururuwa. Awaki kuwa tana son su, su ma suna son ta, in ta fito sai su taru suna shinshinar hannunta.

Mai unguwa yana da ɗa namiji da ya girme ta kaɗan, dogo, kyakkyawa, bakinsa ba ya rufuwa. Tun yana yaro sana'arsa a dandali ita ce kwaikwayon 'yata. Sai ya karkata kai, ya zaro harshe, ya ware ƙafafu yana tafiya kamar agwagwa, yana kiran awaki da irin muryarta. Samari su yi ta faɗuwa don dariya. Abin da ya fi ƙona ni, in ta gan shi ita ma dariya take yi, har da tafi, tana zaton wasa yake yi da ita. Na kai ƙara wurin ubansa, ya ce yaro ne. Yaron ya yi gemu, bai daina ba.

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Aka faɗaɗa hanyarmu aka zuba mata kwalta, manyan motoci suka fara wucewa kamar an koro su. Makiyayar awakinmu kuwa tana tsallaken titin. Wata rana ɗan akuya ya tsere, auta ta bi shi kai tsaye, ba ta dubi ko'ina ba. Na ji ƙarar burki daga cikin gida. Da na fito, direban yana tsugune a bakin titi yana salati, ita tana tsakiyar kwalta rungume da ɗan akuyanta. Daga ranar na fara kulle ta a gida duk sanda zan tafi kasuwa. In na dawo in same ta zaune a bayan ƙofa, ta yi kuka har ta gaji. Yayyenta mata sun yi aure nesa, namijin ya tafi Kano neman aiki. Ina tafe da ƙwaryar daddawa a kai ina tambayar kaina, ranar da na mutu wa zai buɗe mata ƙofar nan, wa zai ɗaura mata zane.

Ana cikin haka, wata damina, mai shela ya zagayo daga wurin dagaci. Ya ce mutanen jami'a sun zo, wata malama ce da ɗalibanta, za su zauna a makarantar firamare ta Gwaram duk tsawon hutu. Za su koya wa masu raunin ƙwaƙwalwa yadda za su riƙa yi wa kansu abubuwa, su kuma koya wa iyayensu yadda za su tafi da su. Hannayensu kaɗan ne, don haka mutum ɗaya za su karɓa daga kowace unguwa, kuma mai unguwa ne zai kawo shi ranar kasuwa mai zuwa. Ni a lokacin ban san mece ce jami'a ba. Aka ce mini makaranta ce da ke saman duk makarantu, malamai ma can ake koya musu. Na ce to, in can ake koya wa malamai, ba za su rasa abin koya wa autata ba. A unguwarmu kuwa babu mai irin lalurarta sai ita, kowa ya sani.

Na yafa mayafi na je ƙofar mai unguwa, na durƙusa na gaishe shi kamar babu komai tsakaninmu.

Na ce, "Yaya, na ji shela. Na zo in ji da wace sa'a za mu kama hanya ranar kasuwa."

Ya ce, "Ku kama hanya zuwa ina?"

"Zuwa wurin baƙin nan, ni da 'yar ƙanenka."

Ya ɗauki goro ya ɓara, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Gurbin an riga an cike shi."

"Da wa?"

"Wannan aikin sarauta ne, ba na mata ba. Kuma ke ko kunya ba kya ji? Baƙi su taso daga birni, ga wakilin hakimi a zaune, in kai musu abin da ko zane ba ta iya riƙewa? Ki bar ta a inda kike kulle ta."

Na ce, "Na gode, Yaya." Na tashi. Ban ƙara kalma ba, don na ji in na buɗe baki abin da zai fito ba na gaban zaure ba ne.

Sai daga baya na gane abin da ke ransa. Tun shekarar fari, duk motar da ta shigo ƙauye da rubutu a ƙofarta, buhunan hatsi take saukewa, kuma ta hannunsa ake rabo. Ya saba. Jita-jita kuma ta riga ta cika gari cewa duk wanda mutanen jami'a suka karɓa za a ba shi keken ɗinki da keken hawa, a riƙa aiko masa da buhun shinkafa. Babu wanda ya ji haka daga bakinsu, amma a shekarun nan in ka ce gwamnati za ta raba wa makafi rediyo ba wanda zai ƙaryata ka.

Ana gobe kasuwa, da la'asar, ina shanya kalwa a jikin danga, na ji dariya ta ɓarke a gidansa. Na leƙa ta tsakanin kara. Ga ɗan nasa a tsakar gida sanye da yagaggiyar riga, an shafa masa toka a kai da gwiwoyi. Uwarsa ta yanka ɗanyar kuɓewa a ƙoƙo ta jiƙa, tana lakato yauƙin tana shafa masa a haɓa ya zama kamar dalalar yawu. Shi mai unguwa yana zaune a kujera yana gyara masa.

"Ƙara karkata kan. A'a, ka yi yawa. Yi irin wadda kake yi a dandali, ta ƙanwarka."

Yaron ya zaro harshe, ya ware ƙafafu, ya kira awaki da muryar 'yata. Suka sake fashewa da dariya.

Na koma na zauna kusa da turmi. Wato sun so kai ta kogi ba su samu ba, sun yi shekaru suna dariya da ita, yanzu kuma tafiyarta da muryarta za su ɗauka su je su karɓi abin da aka kawo dominta. Na yi tunanin zuwa wurin dagaci. Amma in na kai ƙara, zai musanta, a wanke yaron, a ce matar ƙanensa ce ke masa ƙazafi, gurbin kuma ya tashi a banza. Na ce a'a. Bari ya kai shi. Ni zan taya shi.

Yaron nan an yi masa baiko da jikar wata dattijuwa, Bafulatana mai sayar da nono a kasuwar Gwaram. Mutane ne masu shanu da tsananin kunya, kuma yarinyar a hannun kakar ta tashi, abin da tsohuwa ta ce shi ake yi. Rumfarta tana kusa da inda nake ajiye daddawata, mun daɗe muna tsokanar juna. Da gari ya waye na yi wa auta wanka, na shafa mata man gyaɗa, na ɗaura mata sabon zanena, na sa mata kwalli. Muka riga kowa isa kasuwa.

Tsohuwa ta gan mu ta ce, "Yau kuma mai wari ta zo da amarya? Matsa can kada ki lalata mini nono."

Na ce, "Gwaggo, nononki da ruwa ya fi yawa me zai lalata shi? Rufe ƙwaryar ki raka ni makaranta. An ce baƙi masu ilimi sun zo daga birni, ki nuna musu gwiwar nan da kike cika mana kunne da ita."

"Likitoci ne?"

"Ban sani ba. Amma surukinki mai unguwa ma can zai je, kya gaishe shi."

Ta bar wa maƙwabciyarta tsaron ƙwarya, muka tafi tana ɗingishi.

A makaranta an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya. Wakilin hakimi yana kan kujera, masu unguwanni a gefensa, ga iyaye mata da 'ya'yansu, wasu an goyo su ko da sun girma, wasu an riƙe musu hannu. Ranar na fara sanin ba ni kaɗai ba ce a ƙasar nan. Malamar ba ta hau kujera ba, a tabarma ta zauna, mace ce mai tabarau, ba ta kai ni shekaru ba. A gabanta akwai gwangwanaye da 'yan duwatsu da riga mai manyan maɓallai. Duk wanda aka kawo sai ta gaishe shi tukuna kafin ta gaida wanda ya kawo shi.

Muka zauna can baya. Da aka kira unguwarmu, sai ga mai unguwa ya fito daga bayan aji yana jan ɗansa a hannu. Yaron ya yi abin da ya iya, ya kuma yi shi da kyau, don ya daɗe yana koyo. Kai a karkace, harshe a waje, yauƙi na zuba a rigar.

Tsohuwa ta dafa cinyata. Ta ce, "Wancan ba shi ne ba?"

Na miƙe tsaye, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Allah sarki, Yaya, ashe abin ya kai haka? Me ya sa kuka ɓoye mana? Muna danga ɗaya, da na riƙa kawo masa kunu."

Ya juyo ya gan ni, ya ga wadda ke zaune kusa da ni. Na ga goron da ke bakinsa ya tsaya.

Na duƙa wurin tsohuwa, amma ban rage murya ba. "Kin gani ko, Gwaggo? Shekara da shekaru ana cewa a jinina ne. Ga ɗan wa, ga 'yar ƙane. Ki duba tafiyar ma iri ɗaya ce."

Yaron ya ji muryata ya ɗago ido, suka haɗa ido da kakar budurwarsa. Harshen ya fara komawa ciki. Uban ya matse masa hannu, ya sake fitowa.

Malamar ta tura wa yaron gwangwani da duwatsu ta ce ya zuba su ciki. Ya ɗauki ɗaya ya cusa a kunne. Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe.

Ban lura auta ta tashi ba. Sai ganinta na yi ta ratsa mutane ta je ta tsuguna a gabansa. Ta kama bakin zanenta ta share masa haɓa a hankali, kamar yadda nake yi mata tun tana ƙarama. Yauƙin ya biyo zanen ya ja dogo, ya ƙi tsinkewa. Ta kai shi hanci ta shinshina, ta lasa, ta juyo tana nemana cikin taro.

Ta ce, "Inna, miya ce."

Wani mai unguwa ya rufe baki da hannun riga. Daga baya wata mata ta kasa riƙewa, sai dariya ta kama ko'ina. Wakilin hakimi bai yi dariya ba. Ya ce, "Mai unguwa, yaron nan lafiyarsa ƙalau ko a'a?"

Wan mijina ya dubi wakili, ya dubi tsohuwa. In ya ce ƙalau yake, ya yi wa hakimi ƙarya. In ya ce a'a, ya rasa suruka.

Tsohuwa ta dafa sandarta ta miƙe. Ta ce, "Malam, ba sai ka wahalar da kanka ba. In gaskiya ne, kun ɓoye mana. In ƙarya ce, kun nuna mana. Kayan baikonku suna nan yadda kuka kawo su, ku aiko a ɗauka." Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma mai wari, gwiwar tawa fa?" Na ce mata wata ran. Ta ce ai ta san ni, ta kama hanyar kasuwa.

Sai a lokacin malamar ta yi magana, kuma ga wakili ta yi ta. Ta ce tana so kowa ya ji, ba su zo da keke ba, ba su zo da shinkafa ba, koyarwa kawai suka kawo, kuma duk wanda aka karɓa dole uwarsa ko mai riƙonsa ya riƙa zuwa yana zama tare da shi. Na dubi fuskar mai unguwa sanda take faɗin haka. Har yau in raina ya ɓaci, wannan fuskar nake tunowa in ji sanyi.

Malamar ta kama hannun auta ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Wa ya yi miki wannan kwalli mai kyau?" Auta ta nuna ni. Malamar ta ce, "Inna, taki ce?"

Na ce, "Tawa ce, kuma unguwar nan da aka kira, tamu ce."

Ta ce, "To ku matso gaba."

Daminar nan duk muka yi ta a hanyar Gwaram, ranar da ruwa ya sauka ma sai mun je. Koyarwarsu ba ta yi kama da wadda na sani ba. Daga ƙarshe suke farawa. Ɗaliba za ta naɗa mata zane duka, ta bar mata soke bakin kawai. In ta soke sai a yi mata tafi kamar ta ci gasa. Da ta iya wannan sai a bar mata naɗi ɗaya da sokewa, a haka a haka har ta koma farko. Ni kuwa hannuna ba ya haƙuri, in na ga tana fama sai in miƙa. Malamar ta riƙa cewa, "Inna, zauna a kan hannuwanki." Ba a saba gaya mini abin da zan yi da hannuna ba, amma na zauna a kansu.

Maganar titi kuwa, har ƙauyenmu suka zo dominta. Suka shafa wa wani dutse farar ƙasa a wannan gefe, wani a wancan. Suka koya mata in ta iso dutse ta tsaya, ta taɓa shi da ƙafa, ta dubi wajen Gwaram, ta dubi wajen Birnin Kudu, ta saurara, in akuya ta tsere ta bar ta. Wannan na barin akuya shi ya fi ba su wuya, don ita gani take an ce ta bar 'yarta. Ɗalibai suka yi ta sakin akuya da gangan suna riƙe da zanenta, har ranar da ta tsaya da kanta tana kuka, ba ta bi ba.

Kafin su koma suka ce za su tara matan unguwa su yi musu bayani, kuma a ƙa'ida ƙofar mai unguwa ake taro. Malamar ta ji labarin kogi daga bakina, ta tambaye ni ko in an yi a can zai yi mini nauyi. Na ce ko kaɗan, a can nake so. Shi ya aika mai shela, shi ya ba da tabarmi, yana zaune a zaurensa malamar ta ce babu wani abu wai shi ɗan ruwa, halitta ce ta Allah da ake samu a kowane gida a kowace ƙasa, ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Na ce mata na baya ba su ji ba, ta maimaita. Ta maimaita. Suka bar wa matar wani malamin firamare aikin zagayo mu, su kuma suka dawo a hutun da ya biyo baya.

Ɗan mai unguwa bai ƙara zama a dandali ba. Duk inda ya bi yara suna tambayarsa ko akwai sauran kuɓewa. Ya nemi aure a wani gida aka ce za a yi shawara, ba a gama shawarar ba har ya tattara ya tafi Jos. Mata sun ce na yi wa yaro mugunta. Na ce harshen da ya zaro a gaban jama'a nasa ne, ba ni na zaro masa ba.

Bayan wasu shekaru mai unguwa ya samu kujerar Makka. Kamar yadda ake yi, ya bi gida gida yana neman gafara kafin ya tashi. Gidana ya bari ƙarshe. Ya yi sallama da hantsi, ya shigo ya tsuguna nesa da ni, ya tsufa, rawanin ya yi masa yawa. Auta tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

Ya ce, "Zan tafi ɗakin Allah. Abin da ya shiga tsakaninmu, ki yafe mini."

Na ce, "Ni aka ce a kai kogi? Gurbina aka so sacewa? Ga mai haƙƙi nan."

Ya ja jiki ya juya wajenta. Ya ce, "'Yata, ki yafe wa Baba."

Ta ajiye faifai, ta durƙusa yadda aka koya mata, ta ce, "Ina kwana, Baba. Na yafe." Ta damƙo gyaɗa ta zuba masa a hannu. Ban san ko ta san abin da ta yafe ba.

Ya juyo gare ni yana jira.

Na ce, "Yaya, nata ka ji da kunnenka. Nawa kuwa ka tafi da shi can inda za ka, ka ji abin da za a ce maka."

Ya daɗe a tsugune da gyaɗa a hannu. Auta ta ga rana ta ɗaga, ta tashi ta gyara zanenta, ta kwance awaki, ta kora su ta gabansa suka fita. Na ji kukansu yana nisa wajen titi. Ban tashi na bi ta ba.